BABI NA UKU: ZIYARAR GANI DA IDO A MATSAYIN HANYAR KOYAR DA ƊALIBAN FIRAMARE SANIN KOGI

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an yi bayani a kan hanyoyin koyarwa da malamin firamare yake amfani da su a cikin aji. A wannan babi kuwa za a dubi wata hanya ce wadda ba a cika amfani da ita ba a makarantunmu, wato fita da ɗalibai zuwa wurin da abin da ake son koya musu yake, domin su gan shi da idonsu. An zaɓi darasin kogi a matsayin misali saboda dalilai guda biyu. Na farko, kogi abu ne da ba ya shiga aji. Iyakar abin da malami zai iya yi shi ne ya zana wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin allo, ya ce wa yara wannan shi ne kogi. Na biyu, rayuwar yara da yawa a ƙasar Kano tana rataye ne da kogi. Daga nan ruwan shansu yake fitowa, da tumatir da shinkafar da suke ci. Daga nan ne kuma wasunsu suke kwaso cuta, wasu ma su rasa rayukansu.

Saboda haka babin zai bayyana ma'anar wannan ziyara da matsayinta a ilimin firamare. Sannan zai kawo bayanin kogunan ƙasar Kano, da shirye-shiryen da ake yi kafin fita, da abubuwan da ake koya wa yara a bakin kogi, da aikin da ke biyo baya, da kuma matsalolin da ke tattare da wannan hanya.

3.1 MA'ANAR ZIYARAR GANI DA IDO

Ziyarar gani da ido ita ce fitar da malami yake yi da ɗalibansa daga harabar makaranta zuwa wani wuri na musamman, a cikin wani ƙayyadadden lokaci, da nufin cimma wata manufa ta darasi wadda aka tsara tun kafin a fita. Idan aka lura za a ga wannan ma'ana ta ƙunshi abubuwa uku, wato wuri da lokaci da manufa. Manufar ce take bambanta wannan ziyara da yawon shan iska. Idan aka kwashi yara aka kai su bakin dam suka ci abinci suka yi guje-guje suka dawo, to an yi yawo, amma ba a yi darasi ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wajen Bahaushe. Ɗan masunci a cikin jirgi yake koyon su, ɗan manomi a gona yake sanin bambancin jigawa da fadama, ɗan maƙeri kuwa a bakin zuga. Hausawa sun ce gani ya kori ji, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da makarantar boko ta ƙara a kan wannan tsohuwar hanya shi ne tsari da awo da rubutu. Yaro zai gani, ya auna, ya rubuta, sannan ya kwatanta abin da ya samu da na ɗan'uwansa.

3.2 MATSAYIN ZIYARA A ILIMIN FIRAMARE

Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na shekarar 1976 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, har zuwa shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, an ɗora wa makarantar firamare nauyin koya wa yaro karatu da rubutu da lissafi, da dasa masa tunani irin na kimiyya, da sa shi ya san muhallin da yake zaune a ciki. Darasin kogi ya taɓa dukkan waɗannan. Yana cikin Ilimin Zamantakewa ta fuskar sana'o'i da zaman jama'a. Yana cikin Kimiyya ta fuskar ruwa da ƙasa da halittu. Yana cikin Kiwon Lafiya ta fuskar cututtuka, yana kuma cikin darasin Hausa ta fuskar kalmomi da insha'i.

Wani abin la'akari shi ne shekarun ɗalibai. Yaron firamare yana tsakanin shekara 6 zuwa 12 ne, kuma a wannan mataki ya fi saurin fahimtar abin da ya gani ya taɓa a kan abin da aka siffanta masa da baki. Ziyarar kogi ta fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida, domin sun iya rubutu da raba lamba, sun kuma fi ƙanana jin tsawatarwa a wuri mai haɗari.

3.3 KOGUNAN ƘASAR KANO A MATSAYIN FAGEN NAZARI

Kafin malami ya fita da yara wajibi ne shi kansa ya san kogin da za a je, daga ina ya taso, kuma ina ya nufa. Manyan kogunan kudancin Kano guda biyu ne, wato Kogin Kano da Kogin Calawa. Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke can kudancin jihar, inda ƙasar ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos, ya gangaro arewa. A kansa aka gina dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shi kuwa Kogin Calawa daga yamma yake fitowa, an kuma tare shi da wani babban dam a ƙasar Ƙaraye wanda aka gama a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajen Tamburawa, su zama kogi guda ya bi ta Wudil, ya shiga Jihar Jigawa inda ake kiransa Kogin Haɗeja.

Daga nan yanayin kogin yakan sauya. A ƙasar Kano yana gudu ne a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, amma da ya nausa gabas sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi. Gudunsa ya ragu, ya rarrabu, ya malale cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. A can ne ruwansa yake haɗuwa da na Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya zuba a Tafkin Cadi.

A nan akwai wani muhimmin darasi. Yaro yakan ji a aji cewa kogi yana tasowa daga tudu ya ƙare a teku. Wannan gaskiya ne game da Kogin Kwara, wanda ya taso daga tuddan ƙasar Gini ya haɗu da Binuwai a Lakwaja ya zuba a tekun Atilantika. Haka ma gulaben Sakkwato da Rima da Zamfara, domin ruwansu a Kwara yake zuba. Amma kogin da ɗan Wudil yake gani kullum ba ya zuwa teku. Wani ɓangare na ruwansa ƙasa ce take shanyewa, wani rana ta ɗauke, wani a yi ban-ruwa da shi, ragowar ce take isa Cadi. Idan malami bai san wannan ba, sai ya koya wa yaro abin da ya saɓa wa kogin garinsu.

Ba dole ba ne sai makaranta ta je babban kogi. Rafi ko ƙoramar da ke bayan gari ta isa a koyar da mafi yawan abin da za a bayyana a ƙasa, kuma haɗarinta da kuɗin zuwanta sun fi sauƙi.

3.4 SHIRYE-SHIRYE KAFIN FITA

Nasarar ziyara ko rashinta tun daga shiri take farawa. Muhimman matakan su ne kamar haka:

(a) Tsayar da manufa. Malami ya rubuta abubuwa uku ko huɗu da yake son kowane yaro ya iya bayan an dawo. Misali, ya iya faɗar inda ruwan ya fito da inda ya nufa, ya iya auna gudunsa, ya kuma iya bayyana yadda ake kamuwa da tsargiya.

(b) Zaɓen lokaci. Ba a fita da yara bakin kogi da damina, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa yake kan ganiyarsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, gaɓa ta bayyana, rana kuma ba ta yi zafi ba. Sai dai a kula cewa kogin da ke ƙasa da dam yana iya ƙaruwa ko da rani idan an saki ruwa, don haka sai a tambayi ma'aikatan dam ko mutanen wurin.

(c) Ziyarar share fage. Malami ya je wurin shi kaɗai tukuna, ya ga inda yara za su tsaya, da inda akwai inuwa, da inda ba za a kusanta ba.

(d) Neman izini. A sanar da shugaban makaranta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a nemi yardar iyaye. Haka kuma a je a gai da dagaci ko mai unguwar wurin, a nemi Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci ya kasance tare da yara. Shi ya san inda gurbi yake da inda ƙasa take zaftarewa, kuma shi zai iya ceto idan wani abu ya faru.

(e) Rabon ɗalibai. A kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa da babban mutum guda mai kula da shi. Ya kyautu kada rukuni ya wuce yara goma, kuma a samu malama mace saboda 'yan mata. A kira suna kafin tashi, da lokacin isa, da kafin dawowa.

(f) Kayan aiki. Ba a bukatar kaya masu tsada. Igiya mai tsawon mita 10, da agogo mai nuna daƙiƙa, da fararen kwalabe, da guga, da ƙwallon goruba, da littafi da fensir sun wadatar. Sai ruwan sha daga gida, domin kada ƙishirwa ta sa yaro ya sha na kogi.

3.5 ABUBUWAN DA AKE KOYA A BAKIN KOGI

3.5.1 Sassan Kogi da Sunayensu

Da isa, sai malami ya tsayar da yara a wani tudu inda za su hango kogin sosai, ya bar su su yi kallo na ɗan lokaci kafin ya fara magana. Daga nan sai tambayoyi. Ina ruwan ya nufa? Yaya kuka gane? Me ya sa bai nufi ɗaya ɓangaren ba? Da irin waɗannan tambayoyi yara da kansu za su kai ga cewa ruwa gangare yake bi, ko da ido bai ga gangaren ba.

A nan ne kuma ake kafa kalmomi. Yara su nuna gaɓa da tsakiyar ruwa da tsibiri da mashaya da mashigi da mahaɗa. Su bambance kogi da rafi da ƙorama, su kuma bambance waɗannan masu gudu da tafki da kududdufi waɗanda ruwansu a tsaye yake. Malami ya sanar da su cewa abin da Bakano yake kira kogi shi Basakkwace da Bakatsine suke kira gulbi, shi ya sa ake cewa Gulbin Maraɗi. Yaron da ya tsaya a kan gaɓa aka ce masa sunanta ke nan, da wuya ya manta kalmar.

3.5.2 Awon Gudun Ruwa

Wannan aiki ne da yara suke jin daɗinsa ƙwarai. Za a miƙe igiya mai mita 10 a kan gaɓa, a wurin da kogin ya miƙe. Yaro ɗaya ya tsaya a farkon igiya, wani a ƙarshenta, na uku ya riƙe agogo. Sai a jefa ƙwallon goruba a ruwa sama kaɗan da farkon igiyar, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka kafin ya kai ƙarshe. An fi son ƙwallon goruba a kan kara ko takarda domin yana ɗan nutsewa, saboda haka iska ba ta cika tura shi ba.

Ana maimaita awon sau uku. A ɗauka an samu daƙiƙa 18 da 20 da 22. Idan aka tara su za a samu 60, a raba gida 3 a samu 20. Ke nan ruwan yana cin mita 10 a daƙiƙa 20, wato rabin mita a kowace daƙiƙa. Bayan haka sai a jefa wani ƙwallon kusa da gaɓa, wani kuma can wajen tsakiya. Yara za su ga na tsakiya ya riga isa. Dalili kuwa shi ne ruwan gefe yana gogar gaɓa da ciyawa da ƙasan da ba shi da zurfi, wannan gogayya ce take rage masa gudu. Darasin lafiyar da ke ciki shi ne, lafawar ruwa a gefe ba ta nuna ƙarfinsa a tsakiya.

3.5.3 Zaizaya da Ajiya

Kogi yana aiki iri uku: yana cin ƙasa, yana ɗaukarta, yana kuma ajiye ta a wani wuri. Wurin da ya fi dacewa a nuna wannan shi ne inda kogi ya yi kwana. A ɓangaren waje na kwanar ruwa ya fi gudu, don haka yana cin gindin gaɓa har samanta ya rufto. A nan gaɓar takan yi tsaye kamar bango, ruwan kuma ya yi zurfi. A ɓangaren ciki kuwa ruwan ba shi da ƙarfi, sai ya zubar da yashin da ya ɗauko, wurin ya zama shimfiɗar rairayi. Da haka ne kogi yake matsawa a hankali shekara bayan shekara, gonar wani ta ragu, ta wani ta ƙaru. Yara su tsaya a ɓangaren ciki su hangi na waje, kada a bari su hau gaɓar da aka ci gindinta.

Domin a nuna abin da ruwa yake ɗauke da shi, sai babban mutum ya ɗebo ruwa da guga tare da ɗan abin da ke ƙasan kogin, a zuba a farar kwalba a girgiza a ajiye. Nan da nan tsakuwa da yashi za su kwanta, daga baya laka ta biyo, yumɓu kuwa sai ya ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana, kafin ruwan ya washe. Wannan kwalba ita ce take bayyana asirin fadama. Idan kogi ya yi ambaliya ya malala gefe, gudunsa yakan mutu, sai ya ajiye laka mai taushi a kan ƙasa. Ita ce take sa fadama ta fi jigawa albarka. Haka nan ita wannan laka ce take taruwa a bayan dam tana rage masa zurfi.

3.5.4 Tsirrai da Halittu

Kowane rukuni ya rubuta sunayen tsirrai da tsuntsaye da kifayen da ya gani. A cikin ruwa akwai bado da kainuwa, a gaɓa kuma ana iya samun giginya da goruba da kanya. Cikin tsuntsaye akwai balbela da zalɓe da kirinjijiya. Kifaye kuwa sai a roƙi masunci ya nuna abin da ya kamo, kamar tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa. Gaiwa tana da ban sha'awa ga yara, domin tana da huhu, kuma idan ruwa ya ƙafe takan shige cikin laka ta zauna har damina ta dawo.

Ciyawar kacalla ma abin nunawa ce. Tun da aka gina manyan dam-dam, kogin da a da yakan ƙafe da rani ya koma yana gudu duk shekara. Wannan ya ba kacalla damar yaɗuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Daga wannan misali yaro zai fahimci cewa abin da aka yi wa kogi a sama yana shafar mutanen da ke ƙasa, ko da ba su san juna ba.

3.5.5 Jama'a da Sana'o'in Bakin Kogi

A bakin kogi yara za su tarar da masunta da masu fito da masu lambu da makiyaya da masu wanki da masu ɗibar yashi. Malami ya shirya su tun daga aji a kan yadda za su gai da manya da yadda za su yi tambaya cikin ladabi. Yaro yana iya cewa, "Baba, yaya kogin nan yake lokacin da kuke yara?" ko kuma, "Baba, wane irin kifi ne kuke kamawa a da wanda yanzu ya yi wuya?" Amsar dattijo tarihi ce da ba ta cikin littafin aji. A wurinsa za su ga koma da taru da gora da ƙugiya, su ji yadda jigo ya ba injin ban-ruwa wuri a lambuna.

A nan ne kuma za a tayar da maganar gurɓata ruwa. Birnin Kano yana shan ruwan da ake tacewa a matatun Calawa da Tamburawa, alhali kuwa dattin masana'antu, musamman na jima, ya daɗe yana gangarawa cikin Kogin Calawa, kamar yadda dattin cikin birni yake bin Jakara. Malami ya tambayi yara, idan aka zuba shara a nan, wa zai sha ta gobe?

3.5.6 Kiwon Lafiya da Tsare Rai

Wannan shi ne sashen da ba a yarda a tsallake ba. Malami ya sa a ɗebo ƙananan katantanwar ruwa a cikin kwalba, ba tare da yara sun taɓa ba, ya bayyana musu yadda tsargiya take yaɗuwa. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwa su hayayyafa. Daga nan su fito cikin ruwa su huda fatar mai wanka ko mai wanki, su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, har mutum ya fara fitsarin jini. A wasu wurare ana ɗaukar wannan jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Wajibi ne a gaya wa yara cewa cuta ce, tana da magani a asibiti, kuma barinta yana lalata mafitsara da ƙoda. Za a iya ƙarfafa musu gwiwa da labarin kurkunu, wadda ake ɗauka ta shan ruwan tafki marar tacewa. Da tace ruwa da wayar da kai aka yaƙe ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da ita.

Sai kuma haɗarin nutsewa. A nuna wa yara cewa masu ɗibar yashi sukan bar ramuka masu zurfi waɗanda ruwa yake rufewa, ta yadda mai tafiya a ruwa iya gwiwa zai iya zurmawa farat ɗaya. Game da jirgin fito kuwa, abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ya isa ishara. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Saboda haka a wannan ziyara ba a shiga ruwa, ba a kuma hawa jirgi. Duk awon da aka ambata daga kan gaɓa ake yin sa.

3.6 AIKIN DA KE BIYO BAYAN ZIYARA

Idan aka dawo aka yi shiru, to rabin wahalar ta tafi a banza. Washegari kowane rukuni ya karanta wa aji abin da ya rubuta, a kwatanta sakamakon awo, a nemi dalilin bambanci idan akwai. A duba kwalaben da aka ajiye a ga yadda ƙasa ta jeru hawa-hawa. Kowane yaro ya zana taswirar wurin, ya sa kibiya mai nuna inda ruwa ya nufa. A darasin Hausa a rubuta insha'i a kan ziyarar, a tattara karin magana masu ambaton ruwa, irin su "da yayyafi kogi kan cika" da "ruwa ba ya tsami banza", a kuma rubuta wa Sarkin Ruwa wasiƙar godiya. A filin makaranta ana iya tara yashi a yi ɗan tudu, a kwarara masa ruwa da buta, yara su sake ganin zaizaya da ajiya a ƙaramin siffa. Da waɗannan ayyuka ne malami zai auna ko manufofin da ya rubuta tun farko sun cika.

3.7 MATSALOLIN WANNAN HANYA

Matsala ta farko ita ce cunkoson ɗalibai. Ajin da ya cika ya batse ba ya fituwa da malami guda. Mafita ita ce a kasa ajin, a fita da su a ranaku daban-daban, a kuma nemi taimakon ƙungiyar iyaye da malamai. Ta biyu ita ce kuɗin mota, wanda zaɓen rafi na kusa da za a iya zuwa a ƙafa yake magancewa. Ta uku ita ce tsoron iyaye. Wasu suna tsoron nutsewa, wasu kuma suna da imanin cewa akwai iskoki a wasu gurabe. Bai kamata malami ya yi wa wannan tsoro izgili ba, domin sau da yawa wurin da aka ce yana da mutanen ɓoye shi ne wurin da ya fi zurfi. Abin da ya dace shi ne ya bayyana musu tsarin da ya yi, ya gayyaci wasunsu su raka yaran. Ta huɗu ita ce rashin tsaro a wasu yankuna, inda dole a haƙura da fita nesa. Ta ƙarshe, wadda kuma ta fi sauran nauyi, ita ce ƙarancin sanin malamin kansa. Wanda ba a taɓa fita da shi ba lokacin da yake kwalejin horon malamai, da wuya ya yi tunanin fita da nasa ɗaliban.

3.8 KAMMALAWA

A wannan babi an bayyana ma'anar ziyarar gani da ido da matsayinta a ilimin firamare. An kawo bayanin Kogin Kano da Kogin Calawa tun daga mafarinsu har zuwa Tafkin Cadi, an kuma nuna matakan shiri da ayyukan da yara za su yi a bakin kogi da bayan sun dawo. An ga cewa da igiya da agogo da kwalba malami zai iya koyar da kimiyya da lissafi da Hausa da kiwon lafiya a fita guda, muddin ya tsara manufarsa ya kuma tsare lafiyar yaran da aka ba shi amana. Babi na gaba zai dubi yadda za a shigar da irin wannan ziyara cikin tsarin aikin zangon karatu.